Hansai da Matakalar Malam Lawan

Hansai ta haura shekara hamsin kafin ta fara kwana a ɗakin da ba na haya ba. A Unguwar Shanu aka haife ta, a irin gidan nan mai ɗakuna jere, inda kowace mace ke da murhunta a bakin ƙofa, igiyar shanya kuwa ta kowa da kowa ce. Mahaifinta ɗan tireda ne, mahaifiyarta mai kitso. A unguwar ta yi karatu, a nan kuma ta haɗu da Lawan, wani Bazazzagi mai yawan fara'a da ke tuƙa mota a wata ma'aikatar gwamnati. Da aka ɗaura musu aure suka kama ciki da falo ba nisa da gidan iyayenta, a can suka haifi 'ya'yansu biyu: Abdulmalik, wanda har yau ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, sai ta ce yayan Umaima, da kuma Umaimar kanta.

Bayan ta yaye Umaima ta sayi injin markaɗe ta kafa a wata 'yar rumfa a bakin gidan. Da shi mutanen unguwa suka san ta. Masu ƙosai da alala da masu kunu duk wurinta suke kawo ƙullu, kuma tun tana kiran makaniki idan injin ya ƙi tashi, har ta gaji da jiransa ta koyi canza bel da wanke fulogi da kanta. Hannunta ya saba da sifana kamar yadda ya saba da muciya. Amma a ɗakin da take kwana ba ta taɓa kafa ko ƙusa ba sai an tambayi mai gida.

Gidan hayar yana gindin gangare, kwata ta bi ta bayansa. Duk damina sai kwatar ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shigo tsakar gida, wani lokacin har ɗaki. Wata shekara suka dawo daga biki a Zariya suka tarar da katifa ta jiƙe sharkaf, takalman yara suna yawo a falo. Malam Lawan ya naɗe ƙafar wando yana kwalfe ruwa da roba, ya ce mata, "Hansai, in Allah ya ba ni gida nawa, sai na ɗaga shi inda ruwa zai gan shi daga nesa ya wuce."

Da gaske yake yi. Ya sayi fili a Rigachikun tun ana noma masara a wurin, abokan aikinsa suna yi masa tsiya wai ya koma ƙauye. Ginin ya ɗauki shekaru masu yawa. Bana a zuba harsashi, baɗi a ɗora bulo, sai a tsaya har ciyawa ta fito a cikin ɗakuna, sannan a dawo a kai linta. Ya sa aka ɗaga daɓen gidan har ya kai ƙugun mutum, aka yi baranda a gaba, aka yi mata matakala mai faɗi. Tayil ɗin matakalar shi ya je kasuwa ya zaɓo da kansa, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, kuma duk wanda ya kai ganin gidan, a kan matakalar nan yake tsayar da shi ya yi masa bayani. Hansai ba ta sa baki a ginin. Nata shi ne ta aika wa leburori da abinci, in an yi Sallah kuma a kai ta ta gani ta sa albarka.

Ya yi ritaya, aka rufa kwano, aka sa ƙofofi da tagogi, aka yi filastar ciki. Saura 'yan ƙarashe a tare, sai wata rana yana alwalar La'asar buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka ya kasa, ya kira sunanta, sunan ya fito a karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ne ya tafi, hannu da ƙafa, magana kuma ta yi nauyi. Da aka sallame shi, a keken marasa lafiya ya dawo gida.

Abdulmalik, wanda ke aiki a Abuja, ya ce a bar maganar tarewa tukuna. Umaima, da ke aure a Hayin Banki, ita ma haka ta gani, ta ce Unguwar Shanu ta fi kusa da asibiti da dangi. Hansai ta saurare su har suka gama.

"Damina na tafe," in ji ta. "In ruwa ya shigo ɗakin nan, da katifa zan ji ko da mahaifinku? Mutumin nan ƙuruciyarsa duk a ginin can ta ƙare. Ko kwana ɗaya ne, ya kwana a cikinsa."

Suka tare a ƙarshen bazara. Da motar ta tsaya aka sauko da shi, sai kowa ya tsaya yana duban matakalar. Babu wanda ya yi tunaninta sai a lokacin. Dole maza suka kama keken ta kowane gefe, suka ɗaga shi sama kamar ana shigar da firji. Hansai tana biye, ta ga ya runtse ido, bai buɗe ba sai da aka ajiye shi a falo.

Daga ranar ya ƙi fita. Ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti kaɗai yake yarda a ɗauke shi, ita ma sai an yi ta lallashi, don sai an nemo maƙwabta sun taimaka. Sauran kwanaki yana zaune a bakin tagar falo. Abin da yake gani ta tagar ma ba mai daɗin kallo ba ne. Tsakar gidan cike take da tarkacen gini, fasassun bulo, guntayen katako, tsibin yashi da ya fara zubewa, ga rijiya ba murfi, katanga kuma ta gefen gabas ba a ƙarasa ta ba. Mutumin da a da in yana hira har masu wucewa ke tsayawa, sai ya wuni bai ce komai ba. Mai yi masa gashi ta gaya wa Hansai a gefe cewa ƙafar za ta iya dawowa in ana motsa ta, amma sai ya riƙa fita yana shan iska, yana gwada tsayuwa kullum.

Hansai ta kwana biyu tana juya maganar. Sai ta tuna yadda masu baro ke shigo mata da buhunan gero rumfar markaɗe. Akwai ɗan dakali a bakin rumfar, ba sa ɗaga buhu, katako suke shimfiɗawa su turo baron a kai. Ta je ta zauna kusa da shi.

"Malam, ina son a fasa matakalar nan a yi gangara. Sai in riƙa fita da kai ni kaɗai."

Ya juyo ya dube ta. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. "A'a."

"Ai ba duka ba, ko rabi ne."

Ya ɗaga hannun hagu ya buga a kan keken, ya mayar da fuskarsa taga. Ta ji haushi, har ta tashi ta shiga kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Amma tana cikin wankin ta gane cewa a duk abin da ya rage masa, matakalar nan ce yake kallo ya tuna shi ma ya taɓa yin abu da ƙarfinsa. Washegari ta koma ta ce masa ba za a taɓa ko tayil ɗaya ba, daga gefen baranda za a fitar da gangarar. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta ɗauki shirun a matsayin izini.

Maƙwabciyarsu Dije, wadda aka haifa a Rigachikun kuma ta san kowa, ita ta haɗa ta da wani birkila mai suna Sanda. Sanda mutum ne mai saurin aiki, ga ladabi, sai dai shi ma bai taɓa yin irin wannan ba. Hansai ta nuna masa daga inda take so zuwa inda take so, ya ce an gama. Cikin 'yan kwanaki ya tayar da gangara gajeriya daga baranda zuwa ƙasa, ya shafe ta da siminti sumul tana sheƙi. Kowa ya gani ya ce ta yi kyau.

Da ta bushe, Sanda ya ce a fito da Malam a gwada. Hansai ta ce a dakata. Ba ta taɓa kunna inji bayan gyara ta zuba ƙullun mutane kai tsaye ba, sai ta fara gwadawa da ruwa. Ta sa aka mayar da Malam kujera a bakin taga, aka ɗora buhun masara a keken, ta kama ta fara sauka. Ƙafafun keken na hawa gangarar ya fizge ta. Ta ja baya, silifas ɗinta ya zame, ta saki, ta zauna daɓas a kan simintin. Keken ya gangara a guje ya daki tsibin yashi ya kife, buhu ya fashe, kajin Dije da ke kiwo a tsakar gidan suka rufa wa masarar.

Sanda ya rasa inda zai sa kansa. Hansai tana ƙoƙarin tashi tana gyara ɗankwali sai ta ji wani sauti daga taga, kamar tari. Ta yi sauri ta shiga. Ta tarar da Malam Lawan yana dariya, bakin a karkace, hawaye na bin kuncinsa. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon.

"Au, dariya ma na ba ka?" ta ce. "Da kai ne a ciki fa?"

Ya yi mata alama ta kira Sanda. Da Sanda ya shigo ya durƙusa, Malam ya ɗaga hannun hagu ya nuna gangarar, ya girgiza kai. Sannan ya zana layi a iska, doguwar tafiya a jikin bango, ya tsaya, ya juyo da hannun ya sake gangarowa a hankali.

"Hanyar Jos," ya ce da ƙyar. "Ba a hawa dutse kai tsaye."

Hansai ce ta fara ganewa. Shekaru ya yi yana kai manyan ma'aikata wurare, ya san yadda titi ke kewaya tsauni. Nufinsa a ja gangarar ta yi tsawo ta bi jikin bango, a yi mata wurin hutawa a tsakiya inda keke zai juya, sannan ta sauka.

"Baba, wannan zai ci ciko da yawa," in ji Sanda.

Hansai ta leƙa ta taga ta dubi fasassun bulon da suka cika mata tsakar gida. "Ga ciko nan yana jiranmu," ta ce.

Aiki na biyu ya fi na farko daɗewa, kuma a cikinsa Hansai ta koyi abubuwa da dama. Ita ke tura baro tana tara tarkacen, Dije na taya ta idan ta gama aikin gidanta. Ta koyi yadda ake kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, da yadda ake daddaɓe ciko a zuba ruwa a bar shi ya zauna kafin a rufe. Tafin hannunta ya yi kanta a wuraren da sifana ba ta taɓa taɓawa ba. Malam kuwa ya sa aka riƙa fito da shi baranda kullum da safe, don daga taga ba ya ganin aikin sosai. In Sanda ya ja igiya, sai ya ɗago ya dubi Malam, shi kuma ya nuna a sauke ko a ɗaga. Maganarsa ta fara yawa, ko da rabinta faɗa ne. Ranar da aka zuba simintin ƙarshe, Hansai ta hana a shafe shi sumul. Ta ɗauko tsintsiyar kwakwa ta bi kansa tun yana ɗanye ta ja masa layi-layi, don kada ƙafa ta sake zamewa.

Aka sake gwadawa da buhu, ya sauka lafiya. Sannan ta fito da shi. Ta tsaya a wurin hutawar ta juya keken, suka gangara har ƙasa, ta tura shi ya zagaya gidan da ya gina. Ya taɓa bango, ya duba inda bulo ya tsage kusa da taga, ya leƙa bayan gida. A gaban matakalar ya sa ta tsaya, ya nuna mata inda ƙura ta kwanta a kan tayil. Ta ce ta gani, za ta goge.

Daga nan sai aiki ya riƙa kiran aiki. Ta kira mai walda ya kafa bututun ƙarfe a gefen gangarar don riƙewa, ya sa wani a jikin bangon falo zuwa ɗaki, da wani a banɗaki. Ta sa aka cire masan tsuguno aka sa na zama, aka faɗaɗa ƙofar banɗakin don keke ya shiga. Rijiya ta samu murfin siminti. Abdulmalik yakan aiko da abin da ya samu, in ya zo hutu kuma ya tuɓe riga ya kama shebur. Da ya ga uwarsa tana gardama da mai walda a kan kaurin ƙarfe, sai ya ce, "Umma, ashe 'yar kwangila muke da ita a gida ba mu sani ba."

"Ai dole ce ta sa," ta ce masa. "Ka riƙe min nan."

Damina ta faɗi da ƙarfi a shekarar. Ruwa bai ko kusanci baranda ba, kuma duk sanda aka yi mai yawa sai Malam ya dube ta ya ɗaga gira, ita kuma ta ce ta ji, ya yi gaskiya. Amma tsakar gidan ta zama taɓo, jar ƙasa mai kama ƙafa, keke ba ya iya tafiya a ciki. Abin da ya fi damunta, ruwan da ke zubowa daga kwanonsu yana tafiya ne ya kwanta a gindin katangar Dije, wadda ta ƙasa ce. Dije ba ta yi magana ba, sai dai Hansai ta lura gaisuwarta ta rage tsawo. Wata rana bayan an ɗauke ruwa ta zagaya ta ga gindin katangar ya fara zaizayewa. Ta shiga gidan kai tsaye.

"Dije, ashe ɓarna muke yi miki kika yi shiru?"

"To, Yaya Hansai, ina ganin abin da kike fama da shi, ina zan ƙara miki?"

"Wannan ba ƙari ba ne. In katangar nan ta faɗi, da wane ido zan dube ki?"

Suka fito tare suka bi sawun ruwan suka ga inda ya fi son bi. Hansai ta sa aka sa wa kwanon indararo ya riƙa zuba a tanki, ragowar kuma aka haƙa masa 'yar hanya aka jera bulo, ta bi ta gefen katanga ta fita zuwa kwatar bakin titi. Mijin Dije da 'yan'uwansa suka yi haƙan a matsayin gayya, ita kuma ta dafa musu dambu. Daga gindin gangara zuwa ƙofar gida aka zuba tsakuwa aka daɓe, aka yi hanya mai faɗin keke.

Lambun shawarar Dije ce. Ta ce ƙasar wurin gona ce tun asali, zunubi ne a bar ta haka. Ta kawo irin alayyafo da kuɓewa da rama, da sandunan zogale, da 'yar bishiyar gwaiba a leda. Hansai ta shuka a gefen gabas, suka fito kore shar, tana murna. Sai wata rana ta dawo daga kai Malam gashi ta tarar awakin unguwa sun shigo ta inda katanga ba ta ƙarasa ba, sun cinye komai in ban da 'yar gwaibar, zogalen ma har ɓawonsa suka gwaguye. Ta zauna a kan baro ta yi tagumi. A duk wahalar da ta sha tun tarewarsu, a kan alayyafon nan ne kaɗai ta yi hawaye, ita kanta ba ta san dalili ba.

Malam ya turo kansa da ƙafar hagu har inda take. "A toshe," ya ce, yana nuna katangar. "A sake."

Aka toshe gurbin da tsohon kwano kafin a samu halin bulo. A shuka ta biyu Hansai ta yi wata dabara. Ta jera 'yar ragowar bulon da bai isa katanga ba ta yi kwami masu tsayi, daidai gwiwar mutum, ta cika su da ƙasa da kashin kaji, ta bar fili a tsakani yadda keke zai wuce. Ta cika buta ta miƙa masa.

"Ni ina da markaɗe da zan koma," ta ce. "Wannan naka ne. In sun mutu kai za a tambaya."

Ta kuwa koma. Ta sa kafinta ya yi mata rumfa a gefen ƙofar gida daga ciki, aka buɗe 'yar taga ta waje, aka ɗauko injin daga Unguwar Shanu aka kafa. Matan Rigachikun suka fara kawo ƙullu. Daga rumfar tana hango shi yana bin kwamin ɗaya bayan ɗaya, yana ban ruwa da hannun hagu, yana cire ciyawa. Da kuɓewa ta yi tsayi ta fi ƙarfin mai zama, sai ta ga ya kama bakin bulo ya yunƙura ya miƙe don ya tsinko. Ta kusa kashe inji ta ruga, sai ta daure ta yi kamar ba ta gani ba. Ya tsaya yana rawa kaɗan, ya tsinki guda, ya koma ya zauna yana haki. Da yamma ya miƙa mata ita ya ce a sa a miya.

Tafiyar ta dawo a hankali, ba kuma duka ba. Ya fara da bin ƙarfen gangara yana jan ƙafa, ita tana bayansa ta riƙe masa riga. Wata rana ya yi nisa, wata rana ya ƙi tashi sam, ya ce ta rabu da shi. Har yanzu hannun dama bai dawo ba, da hagu yake cin abinci, kuma in ya gaji maganarsa takan harɗe. Amma kafin wata damina ta zagayo yana zuwa masallacin bakin layi da sanda, mijin Dije yana tafe a gefensa. Keken an ajiye shi don tafiya mai nisa.

Mutane sun fara zuwa ganin gangarar. Wata mata daga Kawo da mahaifiyarta ta karye a ƙugu ta zo har gida ta tambaya, Hansai ta zagaya da ita ta nuna mata komai, ta ce ta nemi Sanda, yanzu ya ƙware. Ta kuma gaya mata ta fara gwadawa da buhu.

A bana Umaima ta haifi 'ya mace, ta zo wankan gida. Hansai ta shirya tun kafin lokacin. Ta sa aka gina murhu babba a kusurwar bayan gida, aka kewaye wurin wanka da zana, aka tara itace a ƙarƙashin rumfa don kada ruwa ya taɓa shi. A tsakar gidan aka yi taron suna. Aka shimfiɗa tabarmi daga gindin gwaibar, wadda yanzu ta kai tsayin mutum, har bakin rumfar markaɗe. Tsofaffin maƙwabta daga Unguwar Shanu suka cika mota suka zo, suna ta zagaya gidan suna tambayar wa ya yi wannan, wa ya yi wancan. Zogalen da aka kwaɗanta wa baƙi daga lambun Malam aka tsinko shi, kuma bai bar kowa ya tafi bai san haka ba. Jaririyar aka sa mata Hadiza.

Gidan bai ƙare ba har yau. Bangon waje ba filasta, gurbin katangar nan har yanzu kwano ne, silin ɗin ɗakin baƙi kuma rabi aka yi. Bayan suna da 'yan kwanaki, da hantsi, Hansai ta fito ta tarar da shi tsaye a bayan gida ya dogara da sanda, yana duban wani fili da ya rage kusa da rijiya.

"Me ake aunawa kuma, Malam?"

"Akurki," ya ce. "Kaji."

"Su cinye maka alayyafo?"

"A sa raga."

Ta dubi wurin, ta ga in an matsa da shi kaɗan zuwa jikin katanga zai samu inuwa da rana. Ta faɗa masa, ya dubi jikin katangar, sannan ya gyaɗa kai. Umaima ta leƙo daga ɗaki da jaririya a kafaɗa ta ce ruwan wanka ya yi zafi, wata yarinya kuma tana ƙwanƙwasa tagar rumfa da bokitin wake. Hansai ta ce masa ya zauna tukuna kada ya gaji, in ta sallami mai markaɗe za ta aika a kira kafinta.